Masu Neman Adalci, Minti Uku-Uku

Duk shekarar da sakamakon jarrabawar shiga makarantun kimiyya na Jihar Kano ya fito, akwai wani taron iyayen yara da ba a rubuta shi a kalandar kowace makaranta ba, amma ba ya fashi. A Gaya ne ko a Ajingi, tsarin ɗaya ne: a buɗe aji guda, a karkaɗe bencina, a kawo wa manya kujerun roba, a ɗauko lasifikar da ba ta magana sai an mare ta.

Dalilin zafin abin ba ɓoyayye ba ne. Tun 1977 da gwamnatin Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ta ce ba mai shiga sai ya ci jarrabawa, talaka ya gane akwai ƙofar da ɗan manomi zai bi ya fito likita ko injiniya ba a sayar da gona ba. Mutanen Gaya ga tasu a gida, Kwalejin Kimiyya ta Maitama Sule, 'yan mata kuma ga ta Garko. Yaro ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, ya cike fom, ya zauna jarrabawa, sai jira. Gurabe kaɗan ne, ƙananan hukumomi kuwa 44. Waɗanda 'ya'yansu suka ci suna gida suna karɓar barka. Sauran su ne ke cika aji ranar taro, kuma ba a daɗewa ana maganar jarrabawar kanta. Da an ɗan taɓa, sai a koma kan ainihin rigimar: wa aka ba dama ya yi magana, wa aka katse, kuma wa ya ba mai katsewar izini.

Wanda ya fi kowa ban tausayi shi ne ciyaman. An zaɓe shi ne don dattijo ne mai sanyin hali, an manta shi ma yana da ɗa a aji uku. In ɗan ya ci, a ce shi ya sa yake ta cewa a yi haƙuri. In ya faɗi, a ce shi ya sa ya kira taron tun farko. Aikinsa irin na mai rabon naman watanda ne: kowa ba kasonsa yake kallo ba, na maƙwabcinsa yake aunawa da ido. Don ya kuɓuta sai ya cire agogo ya ajiye a kan tebur, ya kafa doka biyu: kowa minti uku, kuma ba kama suna. A cikin dokokin nan biyu duk fitinar ranar take kwance.

Wanda dokar farko ke fara kamawa shi ne Mai Shimfiɗa. Wannan bawan Allah ya ji labarin fasahar marigayi Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, ya ɗauka tunda kwalejin Gaya na ɗauke da sunansa, shi ma gadon ya biyo ta kansa. Zai miƙe ya gyara babbar riga, ya gaishe da Mai Martaba Sarkin Gaya, wanda ba ya wurin, ya gaishe da hakimi, wanda shi ma ba ya wurin, ya bi dagatai da masu unguwanni da limamai, ya yi wa magabata addu'a, ya tuna wa jama'a cewa daga Gaya maƙeran da suka fara zama a gindin Dala suka tashi. Daidai lokacin da ya ce "to, abin da ya tayar da ni," sai ciyaman ya ƙwanƙwasa tebur. Har shekara ta zagayo zai riƙa faɗa a majalisa cewa yana da wata magana mai nauyi da aka hana shi faɗa. Ba wanda ya taɓa jin ta, har iyalinsa.

Doka ta biyu kuwa abincin Na-Ji-An-Ce ce. Shi ya san an sayar da tambayoyi, ya san nawa aka saya, ya san a wace mota aka kawo su. Majiyarsa wani ne da ya ji daga wani direba da ya ɗauki wani mutum daga Wudil, mutumin kuma yana waya. Sai ciyaman ya ce, "Malam, kawo hujja." Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai hujjar sunan mutum ce, kai kuma ka hana kama suna." A ce to an ɗage dokar saboda shi, ya faɗa. Nan take sai ya tuna da zumunci: "A'a, a bar kaza cikin gashinta, duk 'yan uwan juna ne." Ya zauna yana girgiza kai, ya bar aji cike da zargin da ba shi da mai shi. Na fi jin haushin wannan a kan kowa, domin ranar da magudi na gaskiya ya faru, shi ya riga ya cinye amanar kunnuwan mutane.

Akwai kuma Tsohon Ɗan Dawaki. Ya shiga makarantar kimiyya a shekarun 1980, kuma a gaskiya ya sha wuya, ya kuma ci da guminsa. Ba mai ƙwace masa wannan. Matsalarsa ita ce duk jimlarsa da "a zamaninmu" take farawa. A zamaninsu da fitilar ƙwai aka yi karatu, a zamaninsu ba alfarma, yaran yanzu waya ta lalata su. Abin da ba ya kawowa cikin jawabi shi ne nasa ɗan a makarantar kuɗi yake a cikin birni, da malamin lesin mai zuwa gida bayan la'asar. Ƙanensa a wannan layi shi ne Ɗan Gida Na Sallah, wanda rabonsa da kwana a garin tun rasuwar kakarsa, amma da lokacin cike fom ya yi sai ƙaunar mahaifa ta taso masa, a gan shi a sakatariya yana neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Yaron da za a rubuta wa takardar yana cikin mota, gilashi a rufe, yana tambayar uban sunan garin.

Amma gwanin taron, wanda ya cancanci a saurare shi da kyau, shi ne Mai Lissafin Kaso. Yana tafe da tsohuwar jarida a aljihu, kuma alƙalumansa daidai suke. Zai tuna muku cewa a 2013, da aka fitar da makin shiga makarantun haɗin kai na Gwamnatin Tarayya, waɗanda NECO ke shirya wa jarrabawa, an nemi ɗan Anambra ya kawo 139, ɗan Kano 67, ɗan Zamfara namiji kuwa 4. Zai faɗi yadda lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara Babbar Kotun Tarayya a Legas, kotun ta ce tsarin nuna bambanci ne. Shi bai yarda da kotun ba, kuma yana da amsa: Legas ta sami makarantar sakandare tun 1859, Kano kuwa sai 1909 Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, in ji shi, don haka ba adalci ba ne a auna yaran da ma'auni ɗaya. A yi tafi.

Sai ya sauko gida. Haka nan, in ji shi, ba daidai ba ne a haɗa ɗan Gaya ko Ajingi da ɗan Tarauni ko Fagge, mai wutar lantarki da lesin da ɗakin karatu. A ware wa kowace ƙaramar hukuma kasonta, kowa ya yi takara da tsaransa. A sake tafi, har da kabbara.

Daga can baya sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to mu na Kunkurawa da Gafasa fa? In an kawo kason, a raba shi mazaɓa-mazaɓa, tunda mu ma ba daidai muke da na cikin gari ba." Nan fuskar Mai Lissafin Kaso ke sauyawa. Ya ninke jarida, ya ce ai jarrabawa jarrabawa ce, kada a kashe wa yara ƙwazo, ilimin kimiyya ba zakka ba ne da za a bi gida-gida da shi. Ɗansa, ka gane, shi ne na ɗaya a cikin gari. Kaso yana da kyau tun daga Abuja har zuwa ƙofar gidansa. Daga nan kuma cancanta ta karɓi aiki.

Abin haushin shi ne duk maganganunsa biyu suna da ƙamshin gaskiya. Yaron da aka tura makarantar kimiyya da makin da bai kai ba, shi zai sha kuka a gaban fizis da kemistiri, ba ubansa ba. Yaron da kuma ya yi shekara uku malamin lissafi na zuwa musu jefi-jefi, ba ƙwaƙwalwarsa jarrabawar ta auna ba, makarantarsa ta auna. Wannan ita ce maganar da ta isa a kwana a kanta. Ba a taɓa kaiwa gare ta, domin daidai nan Ɗan Doka ke miƙewa.

Ɗan Doka tsohon ma'aikaci ne, ya yi ritaya da biro uku a aljihun gaba. Bai damu da jarrabawa ba, jikokinsa ma ba su isa ba. Shi dai a bi tsari. "Ina da gyara, ciyaman." Mai magana ya wuce minti uku da daƙiƙa ashirin. Batun mazaɓu ba ya cikin ajanda. Shi kansa ciyaman wa'adinsa ya ƙare tun bara, bisa kundin tsarin ƙungiya, kundin da ba wanda ya taɓa gani sai shi, kuma ya bar shi a gida. Gyaransa na daƙiƙa ashirin yakan ci rabin awa.

Ɗan siyasa ba ya buƙatar dogon bayani. In jam'iyyarsa ke mulki, jarrabawa tsaf take, yara ne ba sa karatu. In ba ita ba ce, an sayar da ilimi. Ba shi jimla biyu, zai tashi daga makin lissafi ya sauka a kan masarautar Gaya da aka ɗaga a 2019, aka rushe a 2024, aka dawo da ita mai daraja ta biyu, kuma ya rantse duk zance ɗaya ne. Kusa da shi Mai Tawakkali na zaune yana jan carbi, yana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama, a bar wa Allah. Jiya da daddare an gan shi a ƙofar gidan wani babba da 'yar takarda a hannu, mai yiwuwa yana taya rabon saukowa ne.

Sannan ga Mai Fita Da Fushi. An katse shi, ya tattara riga ya ce ya bar taron, ya bar ƙungiyar, kada a sake aiko masa da takardar gayyata. Ya fita. Bayan minti biyu sai ga kansa ta taga. Daga nan zai ci gaba da ba da gudummawa har a tashi, kuma ya fi kowa morewa, tunda agogon ciyaman ba shi da iko a kan wanda ke waje. Ɗan Doka ya taɓa neman a yanke hukunci ko maganar taga tana shiga rubutaccen bayani. An yi muhawara mai tsawo, har shi na tagar ya jefa ƙuri'a.

Iyaye mata suna gefe guda a bencin baya, kuma a cikinsu akwai Hajiyar da ta fi duk mazan nan sanin abin da ake ciki. Ita ke duba littafin yaro da daddare. Ta san ranar da aka daina koyar da lissafi, ta san wane babi ne ba a kai ba, ta san nawa ta kashe a kuɗin mota ranar jarrabawa. Tambayarta gajeriya ce: gurabe nawa ne na 'yan mata, kuma me ya sa aka yi awa biyu ana cewa "yaranmu" ana nufin maza? Ciyaman yakan ce, "Hajiya, a yi haƙuri, za mu zo kanku." Ana zuwa kansu kuwa, daidai lokacin da ladan ya ɗaga murya, maza suka fara neman takalma.

Akwai wani kuma da ya taho a kan keke tun da hantsi daga wani ƙauye bayan Toranke. Bai zo da zargi ba, bai zo da jarida ba. So yake ya ji yaushe ake cike fom ɗin, domin shi sai bayan an gama jarrabawa labari ya iso masa, yarinyarsa kuma ita ke zuwa ta ɗaya tun firamare. Ya ɗaga hannu, Ɗan Doka ya ce wannan sai a "sauran batutuwa". Da aka zo sauran batutuwa, batun da aka samu shi ne kuɗin gyaran lasifika.

Duk wannan yana hannun sakatare, mutumin da ya fi kowa iko kuma ba wanda ya lura. Shi zai rubuta cewa an tattauna cikin lumana da fahimtar juna, mahalarta sun nuna damuwa, an kafa kwamiti mai mutum bakwai ya bi kadin lamarin. A kwamitin akwai Mai Shimfiɗa, da Na-Ji-An-Ce, da Mai Lissafin Kaso, da Ɗan Doka, da na taga, wanda ya karɓi muƙamin ta tagar. An sa Hajiya ma'aji, tunda ba kuɗi.

A zama na gaba, da sakatare ya tashi karanta bayanin taron baya, bai kai layi na huɗu ba Mai Shimfiɗa ya miƙe. An sa sunansa a ƙasan na mutumin da ya fita daga taro, kuma yana so a gaya masa wanda ya ba da wannan umarni. Ciyaman ya cire agogo ya ajiye, ya ce yana da minti uku. Ya gyara riga, ya fara da gaishe da Mai Martaba.