Takarda Zuwa Ga Hajiya Filaza, Wadda Ta Zauna A Kan Kududdufinmu

Zuwa ga Hajiya Filaza mai hawa uku,
Bakin titi, bayan gidana,
Cikin birnin Kano.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin kwana lafiya. Na san fatan na ladabi ne kawai, don da asuba na leƙo na gan ki tsaye ƙiƙam, gilasanki sai ƙyalli suke kamar wadda aka yi wa wankan amarci. Mu ne dai ba mu kwana ba. Ina rubuto miki ne a zaune kan turmi, domin duk wata kujera da ke gidan nan tana kife a rana, takardar kuwa daga littafin lissafin ɗana na yago ta, wanda Allah ya taimake shi ya manta da shi a saman firji.

Wajen ƙarfe biyu na dare aka kece da ruwa. Ruwan Agusta ne na kullum, irin wanda kakannina suka yi ta minshari a cikinsa a wannan gidan. Na ji shi a kan kwano, na yi hamdala, na gyara kwanciya. Can sai uwargida ta taɓa ni, ta ce, "Malam, tashi, ga takalminka can zai fita." Na sauko da ƙafa, sai tsundum. Rariyar gidanmu, wadda tun ina yaro aikinta fitar da ruwa, jiya ta sauya sheƙa ta koma shigo da shi, da rakiyar ledoji da wasu baƙin da sunansu ba ya rubutuwa a takardar da za a kai wa babbar mace irinki. Rabin buhun shinkafa ya jiƙa. Katifa biyu sun sha sun ƙoshi. Kajin uwargida a kan igiyar shanya suka kwana, sun jeru kamar masu jiran mota.

Na ɗauki bokiti na fara kwalfa, ina watsawa lungu. Maƙwabcina tela shi ma yana kwalfa yana watsawa lungu. Sai da muka yi kusan awa guda muna wannan aikin lada kafin muka gane ruwa ɗaya muke miƙa wa juna: na zubar ya shiga gidansa, ya zubar ya dawo mini. Muka tsaya da bokitai a hannu, tocila a baki, muka ɗaga kai muka dube ki.

Hajiya, ke baƙuwa ce a unguwar nan, daminarki biyu kacal, don haka bari in gaya miki wanda kika zauna a kai. Kududdufi ne. Ba faɗowa ya yi daga sama ba, mu muka haƙa shi. Duk gidan ƙasa da kika gani a birnin nan daga rami ya fito: a haƙo jar ƙasa, a cuɗa ta da ciyawa a tattake, a mulmula tubali, a shanya, a ɗora, a jera azara ta giginya, a shafe bango da makuba, a kafa zanko a kusurwa. Gida na tashi rami na zurfi. Shi ya sa kusan kowace tsohuwar unguwa take da nata kududdufin, kuma magina na da, waɗanda ba su taɓa riƙe takardar shaidar jami'a ba, suka karkata kowane indararo da kowace rariya da kowane lungu zuwa gare shi. Indararo ya zuba wa tsakar gida, tsakar gida ta ba rariya, rariya ta ba lungu, lungu ya kai kududdufi. Shi kuma ya haɗiye, ya riƙe har rani, yana tsiyaya wa rijiyoyinmu ta ƙarƙashi.

Ba zan yi masa ƙaryar yabo ba. Yana wari. Sauronsa in ya cije ka sai ka waiga ka ga ko mutum ne. An mai da bakinsa juji, kuma babu uwar da hankalinta ke kwanciya in ɗanta ya yi wajen da damina. Da wannan aka ci mu. Ranar da tifa ta farko ta juye baraguzai a bakinsa, majalisarmu ta bayan la'asar rabewa ta yi biyu. Samari suka ce ci gaba ne ya zo har gida, za a sami shaguna, za a sami aikin yi, sauro zai yi hijira. Dattawa suka yi tambaya ɗaya tak: to ruwan fa, ina za shi? Aka yi taro a zauren mai unguwa, wakilin mai ginin ya zo da babbar riga da takarda mai hatimi, ya ce za a yi kwalbati wanda mota za ta iya bi ta ciki. Aka shafa fatiha. Ni ma na shafa, don kada ki ce na ware kaina. Har na ce wa wani tsoho ya daina tsoron zamani. Yau da safe ya wuce ni ina matse katifa, bai ce komai ba, gaisuwa kawai ya yi, ya tambaye ni ya ruwa.

Kwalbatin kuwa na je na gan shi. Wani bututu ne da ko kyanwa mai ciki sai ta yi shawara kafin ta shiga, kuma bakinsa a toshe yake da buhun siminti tun ranar da magina suka tashi.

To ke wa ya gaya miki ruwa yana karanta takarda? Wa ya ce miki in an buga hatimi an sa hannu, hadari zai taso daga gabas ya duba taswira ya ce a'a, nan yanzu fili ne na kasuwanci, bari in zarce Bichi? Ruwa gidansa ya zo. Ya bi lungun da ya saba bi tun kafin a haifi kakan wanda ya sayar da ke, ya iso ya tarar an ɗaga harsashinki sama da ƙuguna, an malale gabanki da kankare, an zagaye ki da tayil, ko ɗigo ba kya sha. Ya tsaya ya yi sallama, ba a amsa ba. Sai ya juyo wurin talakawan da suka san shi. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ke kin ja shi kin haye bene, mu da ko tsuntsaye ba mu ba muke shan dukan. Sauron da aka ce zai yi hijira ma bai je ko'ina ba. Da yana da gida ɗaya, yanzu kowace tsakar gida tasa ce.

Sauran laifuffukanki ba zan tsaya kansu ba. Janaretonki na kwana yana yi mana wa'azi. Tagogin hawanki na uku sun leƙo tsakar gidana, har uwargida ta koma yin tankaɗe da mayafi a gidan mijinta, abin da zaure biyu da kakana ya gina suka hana shekara da shekaru. 'Yan adaidaita-sahu sun mai da bakin lungunmu tasha. Da rana gilashinki na maido mana da zafi kamar an buɗe tanda. Rabin shagunanki ma a rufe suke, sauran kuwa cajin waya ne da cirar kuɗi, sai mai shawarma ɗaya.

Na san za ki ce ba ke kaɗai ba ce, kuma kin yi gaskiya, danginki sun cika gari. A daminar 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari ya jiƙa atamfa da shadda ta maƙudan kuɗi, kuma duk wanda aka tambaya a kasuwar amsa ɗaya ya bayar: an yi gini a kan hanyar ruwa. In kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru ba ta tsira ba, ina ga katifata. Ki bi titin Jami'ar Bayero daga Ɗan'agundi zuwa Gadon Ƙaya ki ga yadda 'yan uwanki suka yi wa badala. Ganuwar nan tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, wajen shekara 900 ke nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta. Turawa sun zo mata da igwa a 1903, ba su yi mata rabin abin da bulo da dillalai suka yi mata ba. Ƙofar Na'isa ma a 2010 aka rushe ta don a faɗaɗa titi, aka sake tayar da wata a gurbinta, ana kiran ta da sunan marigayiya.

Kada kuma ki ga kin yi tsawo ki ɗauka kin gama da duniya. Ki tambayi shagunan da aka jera a filin Idi, da gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, da shataletalen gidan gwamnati, abin da ya same su a watan Yunin 2023. A garin nan wata gwamnati ta yanka ta sayar, wata ta zo da katafila, 'yan jari-bola su kwashe rodi kafin gari ya waye. Har na kwana biyu ina mafarkin jan fenti a goshinki, Allah ya yafe mini. Amma da na yi tunani sai na ga ko an rushe ki ramin ba zai dawo ba. Baraguzanki za a baje a wurin, a yi shekara biyu ana shari'a, sannan a haifo ƙanwarki mai hawa biyar.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ban zo da faɗa ba, kodayake na san muryata ta ɗan tashi a sama, a yi haƙuri, rashin barci ne. Alfarma nake nema. Na farko, a cire buhun simintin nan daga bakin bututu, ko don a fita kunyar fatihar da muka shafa. Na biyu, na ga shago mai lamba goma sha huɗu a hawa na biyu bai sami mai haya ba tun da aka buɗe ki. Tunda kin zauna a gidan ruwa, ruwa kuma ya zauna a gidana, adalci shi ne ni ma in zauna a naki. Mu takwas ne, da kaji biyar. Ba ma buƙatar janareto, mun saba jin naki daga nesa.

Ina jiran amsa kafin magariba, don na ga gabas ta fara haɗa rai. In kin aiko ɗan saƙo kada ya biyo ta zaure, har yanzu akwai ruwa iya idon sawu. Ya leƙo ta tagar nan taki da ta saba kallon mu, zai gan ni a kan turmi.

Naki cikin ladabi da jiƙaƙƙen wando,
Maƙwabcinki na baya.