Ire-iren Baƙin da Ke Sayen Gona a Birnin Gwari

Tun da aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta yi shekara kusan goma a rufe, dillalan gonaki suka zaro manyan rigunansu daga ƙasan adaka. Gwamna Uba Sani ya zo da kansa, aka yi jawabai, aka ce an sasanta da mutanen daji, manyan motoci suka dawo lodin shanu da masara. Kafin ka ce kwabo labari ya kai Kaduna, ya kai Kano da Abuja, wai ga ƙasa can mai albarka ta yi shekaru tana hutawa, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba. Garin dama ya saba da baƙi. Ƙaramar hukumar ta yi iyaka da Zamfara da Katsina da Neja, tsohuwar hanyar Ikko kuma ta nan ta biyo: in ka taso daga Tegina, a nan za ka zaɓa, ko ka miƙe Kaduna ko ka yi Funtuwa. Sai dai baƙin da da fartanya suke zuwa, na yanzu kuwa da yawansu jakar kuɗi ce a hammatarsu. Mai niyyar bin sahunsu gara ya san waɗanda suka riga shi tun bai biya kuɗin mota ba.

Na farkon isowa shi ne wanda bai zo ba. Yana zaune a ofishinsa na Abuja, dillali ya turo masa bidiyo ta WhatsApp: fili kore shar, iska na kaɗa ciyawa, muryar dillali na haki tana cewa, "Alhaji, daga wannan kaɗanyar har inda idonka ya tsaya, duk naka ne." Alhaji ya tambayi hekta nawa ce. Dillali ya ce ai a nan ba a awo da hekta, gona ce dai mai ba da buhu ɗari uku in Allah ya ba da damina. Kafin la'asar an tura kuɗi, har da la'ada. Cinikin biri a sama ke nan, amma Alhaji ya riga ya sanar da abokansa cewa ya shiga noman zamani.

Ranar da ya zo ganin dukiyarsa, farar shadda ya saka da takalmi sau-ciki. Daga Kaduna zuwa garin kilomita ɗari da 'yan kai ne, ta Buruku da Udawa, ya zaci da isowarsa tafiya ta ƙare. Aka ce masa ya ajiye jif ɗin nan, sauran tafiyar ta babur ce. Suka tsallake rafi biyu da ba gada, ya riƙe takalmansa a hannu, ya naɗe wando har gwiwa. Da suka isa, kaɗanyar na nan yadda aka nuna ta. Gefenta kuma ga alamar iyakar gandun dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 zamanin En'e, gwamnatin tarayya ta mayar da shi gandun ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita dubu. Inda idon Alhaji ya tsaya, duk cikin rabon giwa da gwanki ne. Ya juyo zai yi faɗa, dillali ya tare shi da ladabi: "Ranka ya daɗe, ai giwayen sun daɗe da tashi."

Mai fayil ya fi shi wayo, ko kuwa haka yake gani. Tsohon darakta ne da ya yi ritaya, ya zo da kuɗin sallamarsa da tabarau a kan hanci. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 a kansa take: ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma na iya ba da iznin nomanta har hekta 500. Ya san hanyar ofishin KADGIS a Kaduna, ya kawo safiyo an kafa duwatsu huɗu, an zana taswira. Duk wannan daidai ne, kuma wanda ya raina takarda zai yi kuka wata rana. Abin da Darakta ya tsallake shi ne gaida mai unguwa da dagaci, don a ganinsa goro cin hanci ne. Da ya zauna a zauren mai unguwa na rabin sa'a, da an gaya masa cewa gonar ta gado ce da ba a raba ba, wanda ya sayar masa kuma babban wa ne kawai cikin 'ya'ya tara.

Magada ba sa fitowa lokacin sharar gona, ba sa fitowa lokacin da ake zuba taki. Sai masara ta yi goyo. Ƙanwar da ke aure a Kuyello za ta zo da mijinta, ƙanin da ke sayar da goro a Shagamu zai sauka daga motar dare da malaminsa, a karanto wa Darakta babin shuf'a na fiƙihun Malikiyya, wato haƙƙin abokin tarayya ya karɓe rabon da aka sayar wa bare ya mayar da kuɗi. Ana cikin wannan sai ga wata tsohuwa da kwando da jikoki biyu, sun nufi ɗorawar da ke tsakiyar gonar. Ya buɗe fayil zai nuna mata hatimi. Ta dube shi da tausayi ta ce, "Ɗana, ƙasar ka saya. Ɗorawar ta kakanmu ce." Dutsen safiyo na huɗu kuwa, a tsakiyar burtali aka kafa shi. Shanu sun bi ta nan tun kafin a haifi Darakta, kuma har yau ba a samu saniyar da ta tsaya duba taswira ba.

Akwai wanda ya sayi gona amma ko irin shuka bai tambaya ba, ƙarƙashinta yake so. An san zinariyar yankin Tsohuwar Gwari tun zamanin Turawa, kuma kowane baƙo ya ji labarin wani yaro da ya shiga rami da gajeren wando ya fito da kuɗin mota. Sai ya sayo na'urar nan mai ƙara in ta ji ƙarfe, ya yi ta zagaye da ita da tsakar rana. Ta yi kuka, a tona, tsohon ruwan fartanya. Ta sake kuka, gwangwanin madara. Ba wanda ya gaya masa cewa a dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da gonar taka ce da takarda, lasisinsa kuma a Abuja ake nema. Daga nan sai ya koma ɗaukar nauyin 'yan haƙa: shi ke sayen shinkafa, shi ke sayen mai na inji, shi ke biyan niƙan dutse, su kuma kullum da yamma su ce masa, "Yallaɓai, mun kusa, alama ta fito." Alama ta yi wata shida tana fitowa. Matar da ke sayar da tuwo a bakin ramin ta sa wa ɗakinta kwano, mai injin niƙa ya ƙara aure. Abu ɗaya dai da ba na wasa ba a wannan sana'a: kada a shigo da dutsen cikin gida a daka shi inda yara ke rarrafe. Gubar dalma daga irin wannan dakan ta kashe ɗaruruwan yara a yankin Anka da Bukkuyum a 2010, kuma Zamfara ba nisa.

Kan maganar daji, baƙi kashi biyu ne, kuma kowane kashi na ba 'yan gari ciwon kai. Na farko da takalmi yake kwana. Tayar babur ta fashe a bakin kasuwa, sai a tsinto shi a ƙarƙashin teburin mai tsire yana salati. Wannan ana yi masa dariya ne da sauƙi, don babu wanda bai taɓa gudu ba a garin nan. Na biyu shi ne masifa. Sati uku da zuwansa ya zama masanin tsaro. Zai zauna a teburin mai shayi da safe, ya ɗaga murya yana jero sunayen manyan daji, wane ya fi wane bindigogi, wane ke zaune a Kuyambana, abin da ya kamata soja su yi. Ka lura da bencin: wannan ya tuna bai ba akuya ruwa ba, wancan ya ce ana kiransa a gida, mai shayi ya miƙa hannu ya ƙara wa rediyo murya. Mutanen da yake koya wa darasi su ne suka biya kuɗi kafin a bar su su yi shuka, suka sake biya kafin girbi, suka sayar da gona da shanu don fanso 'ya'yansu, suka zauna ba layin waya a ƙarshen 2021 lokacin da gwamnati ta sa aka katse shi. Shirun da suke yi ba na rashin sani ba ne. Irin wannan baƙon ne kuma zai ce tunda an yi sulhu bari ya kama hanyar Kaduna bayan magariba, alhali direban da ya shekara ashirin a kanta ba ya tada mota sai ya tambayi wanda ya shigo yanzu, "Ya hanya?"

Shi kuma "Mu a Kano" ba ya cutar da kowa sai kunne. Ruwan garin bai yi masa ba, tuwon ya yi tauri, tela bai iya wuyan riga ba, mu a Kano ba haka ake yi ba. Shekara ashirin da biyu yana wannan magana daga cikin shagonsa. Ya aurar da 'ya'ya mata uku a garin, jikokinsa ba su taɓa ganin Dala ba. Ya gina gida a Kano, bene guda, wanda ƙadangaru da wani ɗan ƙaninsa ke zaune a ciki, shi kuwa yana haya a nan, don a cewarsa zaman na ɗan lokaci ne.

Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa nan ba sai an daɗe a kansa ba, tunda shi ma ba ya daɗewa. Ranar da ya ga sunansa a takarda, 'yan uwa suka zo yi masa jaje. Iyalinsa na Kaduna, jakarsa ba ta taɓa kwancewa ba, ana ganinsa kamar jinjirin wata, sau ɗaya ƙarshen wata, shi ma sai mai kaifin ido. Akwai dai 'yan ƙalilan cikinsu, malaman makaranta da ma'aikatan jinya, da suka zauna a lokacin da zaman ke da tsada, kuma su ba sa sayen masara a garin nan, kawo musu ake yi.

Sai mai neman rawani. Daminarsa biyu, ya gyara rufin masallacin unguwa, ya raba shinkafa da azumi, sai ya fara tambaya a kaikaice ko akwai sarautar da ba kowa a kanta a fadar Mai Martaba Malam Zubairu Jibril Mai Gwari na Biyu. Maroƙa su ne suka fara gane shi. Tun kafin fada ta san da zamansa sun riga sun naɗa shi da baki, kuma kowace Juma'a yana biyan kuɗin naɗin.

Wanda ba a rubuta wa shawara, ba a kuma tura masa bidiyo, shi ne ɗan ci-rani. Ya sauko daga wajen Maraɗi da buhu a kafaɗa, fartanya a ciki da bargo. Ya kwana a zauren wani mai gona, ya yi ƙwadago damina guda: huɗa, noma, maimai, yankan dawa. A nan ya san wace gona ke shan ruwa a watan Agusta, wace ce ƙuduji ya cinye, wace ce 'yan uwa ke shari'a a kanta. Shekara ta biyu ya nemi aro, aka ba shi wani gefe da ba mai so, ya kai wa mai gona buhu biyu bayan girbi ba tare da an tambaye shi ba. Bayan aro ya karɓi jingina. Ba ya rasa jana'iza, ba ya rasa suna, in an yi gayya shi ne na farko a kunya. Ranar da ya tashi saye, a zauren mai unguwa aka yi, magada duka suna zaune, maƙwabtan gona huɗu suka taka iyaka da ƙafa ana nuna gamba da kututture, aka raba goro, limami ya shafa fatiha, sannan aka rubuta takarda kowa ya dangwala. Yanzu yana da sito a bakin kasuwa, yana tara masara da waken suya sai sun yi tsada.

Kada a ɗauka waliyyi ne. Mudunsa na saye ya fi na sayarwa ƙiba, kuma in ka ci bashinsa da bazara za ka gane kurenka da kaka. Ga shi tun da aka buɗe kara ba wanda ya kai shi ƙorafi. Da ya hango jif ta tsaya a ƙofar dillali sai ya girgiza kai, ya dubi na kusa da shi, ya ce da harshensa da shekara talatin ba su goge ba, "Wallahi baƙin ga sun ɓata muna gari, gona ta yi tsada."