Yadda Ake Hawa Tsaunin Gashaka a Dawo da Gwiwa

Ba zan ɓata maka lokaci da zancen takalmi da gorar ruwa ba. Mai karanta wannan, ko dai ya riga ya dawo daga Gashaka-Gumti yana sallah a zaune, ko kuma yana da aboki mai ɗan banzan son yawo da ke lallaɓa shi a je.

Na ɗaya. Kada ka kuskura ka ce ai ka taɓa hawa Dala. Dala da matakalarsa, ka hau ka sauko shayinka bai huce ba. Chappal Waddi, tsaunin da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne, can kan iyakar Kamaru. Gandun dajin Gashaka-Gumti kuwa, da aka kafa a 1991, ya ci Taraba ya taɓa Adamawa, ya haura murabba'in kilomita 6,000. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Tun kafin ka taka dutse, zaman mota daga Jalingo ta Bali zuwa Serti ya riga ya karɓi zakkar ƙugunka.

Na biyu. Za a ce ka zo da rani, tsakanin Disamba da Maris, don da damina koguna cika suke yi, hanya ta yanke. Gaskiya ne. Sai dai ranin nan shi ne lokacin hazo. Ka hau har numfashi ya ƙare, a nuna maka farin sarari a ce ga Kamaru can. Ka ce masha Allah, tunda ka riga ka biya.

Na uku, ɗan rakiya. Mutumin kirki ne, ya san dajin nan ciki da bai, in ba shi ba ko kogin farko ba za ka haye ba. Amma kada ka tambaye shi saura nawa. Amsarsa ɗaya ce: "An kusa, yallaɓai, bayan wancan tudun ne." Bayan wancan tudun akwai wani tudun, shi ma da ƙanensa. Da hantsi an kusa, da azahar an kusa, da la'asar sai ya ƙara da "yanzu kam". Abin da ya fi ƙona rai, ko gumi ba ya yi. Kana cikin haki sai ga wani dattijon Bafulatani da takalmin roba da sandarsa a kafaɗa, ya yi maka sannu da hanya, ya wuce ya ɓace. Shi gida za shi, don a saman tsaunukan nan akwai rugage. Wato inda kake shirin ɗaga hannu ka yi hoton nasara, can yara ke kiwon shanu kullum. Shanu! Tun daga Kano na taso don in ga saniya tana kallona tana tuƙa?

Na huɗu, ko na biyar, oho. Namun daji. Akwai su, wallahi akwai: ɓauna, gwanki, dorina a Mayo Kam, tsuntsaye sama da kala 500, da birin cimfanzi da masana ke barin ƙasashensu su zo nazarinsa. Dukkansu sun ji takunka tun daga nesa sun kauce. Abin da za a nuna maka shi ne kashi. Ɗan rakiya zai tsuguna, ya tona da tsinke, ya ce na ɗazu ne, da ka ɗaga ƙafa da ka gan su. Dabba ɗaya ce ke fitowa tarbar baƙo da kanta: ƙudan tsando. Shuɗi da baƙi yake bi, saboda haka kada ka sa su. Abokin nan naka kuwa, wanda ya ɗinka wa kowa riga shuɗiya iri ɗaya don hoto ya yi kyau, Allah ya isa tsakaninmu da shi. Cizon yana huda riga kamar allurar asibiti, abokin kuma yana cewa a ɗan yi murmushi.

Sanyin dare: ɗauki bargo. Ɗauki biyu.

Saukowa ba ni da shawara a kanta. Kowa tasa ta fishshe shi.

Saura gida. Kada ka gaya wa dattawa cewa da kuɗinka ka je, don ba za su gane ba, kuma gaskiyarsu ce. Gwaggo za ta dubi ƙafarka da ta kumbura ta ce, "Kai ɗan nan, nawa suka biya ka?" Ka ce wurin aiki ne suka tura ka. Ka biya ta Mambila ka sayo ganyen shayi, ka raba tsaraba, a sa maka albarka. Ranar da abokin nan ya sake kira ya ce ya ji labarin wani dutse a Filato, ka ce masa kana da ɗaurin aure, kuma har ƙarshen shekara ake ɗaurawa.