Masu Kwanan Fadama da Hunturu

Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a 2015, fadamar Gulbin Kebbi ta cika da sabbin fuskoki: malaman makaranta, akawuna, 'yan tireda. Nomansu dai da sauƙi. Abin kallo shi ne daren farko da sabon shiga zai kwana gadin injin ban-ruwa a tsakiyar Janairu, jaura na busowa daga Hamada, sanyi ya gangaro kwari ya kwanta kamar an aiko shi.

Akwai Sarkin Gwanjo. Wannan tun ranar kasuwa ya tsinci wata ƙatuwar kwat da aka ɗinka domin dusar ƙanƙarar Kanada, ya ɗora ta a kan riguna uku da wando biyu, ya kafa haɓar kada a kan hular sanyi. Tafiya yake kamar buhun albasar Aliero ya yi ƙafa. Kafin ya tako daga bakin titi zuwa gona ya jiƙe sharkaf, gumin nan kuwa shi zai huce a jikinsa cikin dare, a ji haƙora na kaɗawa daga cikin rigar Bature.

Sai ɗan jami'ar Kalgo, wanda ya kalli masu kwana kan ƙanƙara a YouTube har ya haddace. Zai yi maka bayanin tufafi hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya mai riƙe ɗumi, na waje mai tare iska. Gaskiyarsa fa. Yana da tocilar goshi da abin cajin waya. Ashana ce kawai ya manta.

Jarumi kuwa da singileti ya zo. "Mu jikokin Kanta ne, wanga sanyi na yara na!" Ƙarfe biyun dare za ka ji ana jan gefen bargonka a hankali, wai yana taya ka gyarawa.

Mai kasko shi ne ba na so a yi wa dariya da yawa. Ya shigar da garwashi cikin bukka, ya bi kowace kafa ya toshe da leda. Iskar da garwashi ke fitarwa ba ta da launi, ba ta da wari, barci take sa mutum, wani daga barcin sai makabarta. Idan ka gan shi, yage ledar, ku yi faɗan da safe.

Mai guzuri ya zo da filas na shayi, ƙuli-ƙuli da garin rogo na kwana uku, ya ga bayansu kafin isha'i.

Akwai kuma wanda uwargida ta shirya wa jaka: man kaɗe saboda faso, Robb, safa biyu, har da zanenta na ɗaurawa. Shi kaɗai ne jikinsa bai yi furu-furu ba, amma a ɓoye yake shafa man, kada a ce mijin-ta-ce.

Can gefe ga wani dattijo daga Gwandu, ya shekara arba'in yana wannan kwana. Kayansa duka tsohon gwado ne da buhu ɗaya. Tun da rana ya tara tattakar shinkafa mai kauri a bayan kunya, inda iska ba ta bugu, ya shimfiɗa buhun a kai. Ɗan jami'a ya ce, "Baba, ba ka jin ɗari?" Ya ce, "Ɗana, ƙasa ka shan ɗumin mutum. Abin da ka shimfiɗa ya fi abin da ka rufa." Ya juya ya kama minshari.

Da asuba ya tashi ya yi alwala da ruwan butar da ta kwana a waje, ya miƙa wa na kusa da shi. Buta ta zaga hannu shida ba wanda ya tsiyaya. Sai jikan Kanta, daga cikin bargon wani, ya tambayi ko taimama ta halatta, ga gulbi taku goma a gabansa.