Kilomita 62 Da Na Raina A Dutsen Kilimanjaro

Hanyar Machame, ɗaya daga cikin hanyoyin hawa dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, tsawonta daga ƙofar shiga zuwa ƙololuwa zuwa ƙofar fita kimanin kilomita 62 ne. Ko rabin tafiyar Kano zuwa Zariya bai kai ba. Amma kamfanonin da ke kai mutane sai su ce kwana bakwai za a yi, a kuma biya kuɗin kwana bakwai, da dalar Amurka. Ni kuwa albashin ma'aikata nake haɗawa a kwamfuta, ba a yi mini wayo da alƙaluma. Lafiyayyen namiji yana cin kilomita 5 a awa guda. Raba 62 gida 5, ka samu awa goma sha biyu da 'yan kai. Tafiyar yini biyu ke nan, har da salla da cin abinci da ɗaukar hoto.

Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, shi ne ya kitsa tafiyar tun farko. Da na nuna masa lissafin sai ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Kai da ko Dala ba ka hawa sai ka zauna ka yi fifita da hula?" Ban kula shi ba, tsakaninmu babu hukunci. Na rubuta wa kamfanin doguwar wasiƙa ina neman ragin kwana biyar. Suka amsa cikin ladabi cewa ƙasa da kwana shida ba sa kai kowa ta wannan hanya, kuma bakwai suka fi ba da shawara. Na biya bakwai ɗin, amma ban yafe ba.

Kada mai karatu ya ɗauka ban san dutse na da tudu ba. Na yi bincike. Akwai wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith da ya fitar da ƙa'ida tun 1892, wadda masu hawan duwatsu ke amfani da ita har yau: ka ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan ka ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Na zuba ta a Excel, na yi wa kowace rana launinta, na buga a takarda, na kai aka manne ta da roba saboda ruwan sama. Jadawalin ya nuna yawancin ranakun kafin azahar mun isa masauki. Matsalar da na hango ita ce zaman banza. Don haka na cusa littattafai uku a jakar goyo, da ludo, da ƙaramar rediyo, da fulas na shayi, da buta, da darduma mai kauri, ga kilishi da ƙuli-ƙuli da garin kwaki wanda zai ciyar da gidan biki.

A ƙofar Machame, mai tsayin kimanin mita 1,800, ana ɗora kayan kowane ɗan dako a sikeli, domin doka ba ta yarda a ɗora masa fiye da kilo 20 ba. Ja-goranmu, wani siririn mutum mara yawan magana daga garin Moshi, ya ɗaga jakata ya ajiye, ya ce in ba 'yan dako. Na ce masa a gidanmu namiji shi ke ɗaukar kayansa. Taubashina ya miƙa tasa ba kunya, ya rataya ɗan ƙaramin buhu mai gorar ruwa da rigar sanyi, yana fito.

Rana ta farko kilomita 11 ce cikin kurmi, da hawan mita 1,200. Naismith ya ce awa huɗu da minti goma sha biyu. Ja-gora ya shige gaba yana taku kamar ana rakiyar amarya, ƙafa ɗaya sai ta gaisa da ɗaya kafin ta wuce. Na jure na rabin awa, sannan na ce masa ni zan yi gaba in kama mana wuri mai kyau. Na yi gaban kuwa. Abin da Naismith bai faɗa ba shi ne kurmin nan taɓo ne da saiwoyin itace masu santsi, kuma jaka mai ludo a ciki tana da nata ra'ayin game da inda za a faɗi. Suka same ni zaune a laka, buta ta gangara can ƙasa, ina nazarin jadawali.

"Ka kama mana wurin ke nan?" in ji taubashina. "Madalla, akwai sanyi."

Sai da aka kunna tocila muka shiga masauki. A daren na ba mai dafa mana abinci ludon kyauta, sadaka ce, ba don nauyi ba.

Da dare ja-gora yakan zagayo da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, tana auna iskar oksijin da ke cikin jini. A nan ya yi mini bayanin abin da ya sa ake ja da kwanaki. A ƙololuwar dutsen, duk numfashi ɗaya kusan rabin oksijin ɗin da ake samu a bakin teku yake kawowa, kuma jiki ba ya sabawa da hakan sai da lokaci. Likitoci sun ce idan an haura mita 3,000, kada a ɗaga tsayin wurin kwana fiye da mita 500 a dare ɗaya, ga shi hanyoyin Kilimanjaro ma suna ƙetare wannan iyaka a wasu ranaku. Wanda ya yi gaggawa sai ciwon kai da amai, wani ma ruwa ya taru masa a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura, a sauko da shi a guje. Na saurare shi da kyau, na ce masa bayani ya yi, sai dai ba shi da gurbi a jadawalina.

Rana ta uku ce ta ɓata mini rai, har gobe kuma ina ganin an zalunci lissafi. Daga masaukin Shira, wajen mita 3,800, aka sa mu hawa har Lava Tower mai mita 4,600, muka ci abincin rana, ko in ce suka ci, ni dai kaina ake daka. Sannan aka ce a gangara Barranco, wajen mita 3,900, a kwana. Kilomita 10, yini sukutum, ribar da muka ci ba ta fi mita ɗari ba. Ja-gora ya ce da gangan ake yi, a ɗanɗana wa jiki sama sannan a kwantar da shi ƙasa. Na ce masa idan na haɗa albashi haka a ofis, in ɗaga wa mutum da rana in sauke masa da yamma, ranar zan bar aiki. Bai yi dariya ba, ya dai maƙala mini na'urarsa ya girgiza kai.

Washegari kilomita 5 kacal, na ba ta awa ɗaya da rabi, har na fito da littafi ɗaya sama-sama don in fara da wuri. Ashe akwai katangar Barranco, bangon dutse mai tsayin sama da mita 250 da ake hawa da hannu da ƙafa. Akwai wani lungu da dole ka rungumi dutsen ƙirji da ƙirji ka zagaya, bayanka kuwa rami. Ina manne a nan, ina karanta duk addu'ar da na haddace tun makarantar allo, sai ga 'yan dako suna wuce ni da tanti da tukunyar gas a ka, ɗaya har yana amsa waya. A saman katangar na kira wani matashi cikinsu gefe muka yi yarjejeniya: ya karɓi jakata, na ba shi kilishin duka da rediyo. Taubashina ya gani. Ban taɓa sanin mutum zai iya dariya haka a inda iska ta yi ƙaranci ba.

Barafu, masauki na ƙarshe kafin ƙololuwa, yana kan mita 4,673, tsirin duwatsu ne, babu ruwa sai wanda 'yan dako suka ɗauko tun daga kwarin Karanga. Butar da na sha wahalar cetowa daga laka ba ta yi amfani ba, taimama muka yi. Daga nan ake hango ƙololuwa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Tsakar dare aka tashe mu. Kilomita 5 ce zuwa Uhuru, ƙololuwar dutsen, da hawan mita 1,200 da ɗoriya. Naismith ya ce awa uku, mutanen da ke hawa kullum suka ce shida zuwa takwas. Ruwan gorata ya daskare. Ƙasar tsakuwa ce mai zamewa, ka yi taku uku ta karɓe ɗaya. Na daina ƙirga kilomita na koma ƙirga taku, daga baya na daina ƙirga komai, ni da aka sani da lissafi. Wajen fitowar rana na ga allon Stella Point, mita 5,756, a bakin ramin dutsen. Na zauna a gindinsa. Ja-gora ya haska idona, ya tambaye ni sunan mahaifiyata, na ba shi lambar asusuna na banki. Nan take ya haɗa ni da mataimakinsa ya ce a yi ƙasa da ni.

Taubashina ya ƙarasa Uhuru, mita 5,895, wuri mafi tsayi a Afirka gaba ɗaya. A ƙofar Mweka aka ba kowa takardar shaida, tasa ta ce Uhuru, tawa ta ce Stella Point. Na tuna masa cewa Bajamushen nan Hans Meyer, wanda aka rubuta a matsayin na farko da ya kai ƙololuwar a 1889, sai a yunƙurinsa na uku ya samu. Ya ce shi Meyer ai bai je da ludo ba.

Bambancinmu mita 139 ne, na auna. Idan kun haɗu da shi a wurin suna ko ɗaurin aure ya fara ba ku labarin, don Allah ku tambaye shi wa ya ɗaukar masa jaka tun daga ranar farko.