Masu Gudun Laktaye da Sauran Mutanen Bufe

Da misalin ƙarfe shida na yamma, jirgin ruwan shaƙatawa yakan rabu gida biyu. Yawancin fasinjoji sun yi wanka, sun fesa turare, suna gangarawa babban zauren cin abinci, inda aka shimfiɗa fararen ƙyallaye a kan tebura, weta yana jiran kowa da takardar jerin abinci. Sauran kuwa sama suka nufa, can kusa da wurin iyo, inda bufe yake: kowa ya ɗebi abinsa da kansa, ya zauna inda ya ga dama, ya tashi lokacin da ya ƙoshi. Kuɗin wuraren biyu duk yana cikin tikiti. Don haka wanda ya bar weta da farin ƙyalle ya je ya riƙe faranti a layi, ba tsimi yake yi ba. Akwai abin da ya koro shi.

Kuma korarrun ba kaɗan ba ne. Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara jigila daga Miami a watan Janairun 2024, tsawonsa mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350. Ko kashi ɗaya cikin goma ne suka ƙaurace wa zauren ƙasa, an sami jama'ar da za ta cika unguwa. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa wurin: Windjammer a Royal Caribbean, Lido a Carnival, Garden Café a Norwegian, Kings Court a jirgin Queen Mary 2. Da safe da rana wurin turmutsutsu ne, kujera ma sai an yi sa'a. Da dare ake rage hasken fitilu, hayaniya ta lafa, halin kowa ya fito fili.

Shugaban wannan jama'a shi ne mai gudun laktaye. A jiragen Cunard, kamfanin da jiragensa ke ƙetare Tekun Atlantika tun 1840, har yau ana ware dararen ado na musamman. A tafiyar kwana bakwai daga Southampton zuwa New York, idan irin wannan dare ya zo, da zarar shida ta buga sai baƙar kwat da laktaye ga maza, doguwar rigar biki ga mata. Wanda bai shirya wa haka ba, an nuna masa hanyar Kings Court cikin ladabi. Mutumin namu ya shekara talatin yana shaƙe wuyansa a ofis, ya kuma rantse ba zai biya kuɗin hutu ya sake shaƙe shi ba. Ga shi nan da gajeren wando da silifas, yana tafiya da faranti cikin taƙama. A lif yakan haɗu da masu kwat, kowa ya dubi ɗan'uwansa sama da ƙasa, kowa yana jin tausayin ɗayan. Abin da ba ya faɗa shi ne, kwat ɗin tana cikin akwati. Ya gwada ta a dare na biyar, maɓalli ya ƙi haɗuwa da ƙofarsa. Matarsa tana biye da shi fuska a murtuke, don ita ta sayi rigar daren, ta kuma ji labarin yau ne ake ba da lobsta, babban jatan landen nan, a ƙasa.

Kusa da shi akwai mai gudun maƙwabci. Tsohon tsarin zauren ƙasa shi ne zama biyu, ɗaya wajen shida, ɗaya wajen takwas, tebur ɗaya, weta ɗaya, har ƙarshen tafiya. Idan ma'aurata ba su sami teburin mutum biyu ba, sai a haɗa su da baƙi shida ko takwas. Norwegian ta karya wannan al'ada a 2000, ta ce kowa ya ci lokacin da ya so, wasu kamfanoni suka bi sahu, amma tsohon tsarin bai mutu ba. Wannan bawan Allah an haɗa shi da wani dattijo da ya yi tafiyar ruwa sau ba adadi, kuma kowace tafiya tana da labari. Dare na farko ya ji tarihin tiyatar gwiwar dattijon, na biyu ya ga hotunan jikoki ɗaya bayan ɗaya. Cin abinci a ƙasa yakan ɗauki awa ɗaya da rabi zuwa biyu, babu kuma damar tashi kafin a kawo kayan zaƙi. Yanzu ya sami lungu bayan wani ginshiƙi, yana cin taliya yana waige-waige. Bai san dattijon ma yakan leƙo sama shan askirim ba.

Sai gogan, mai cewa na biya kuɗina. Wannan ba yunwa ce ta kawo shi ba, lissafi ne. Ya raba kuɗin tikiti da yawan kwanaki, ya san nawa ya kamata ya ci kowane dare kafin ya fanshe. A ƙasa an fara taka masa burki: a ƙarshen 2022 Carnival ta fara karɓar dala 5 a kan babban faranti na uku, Royal Caribbean kuma ta sa kuɗi a kan lobsta ta biyu. A sama babu mai ƙirga masa. Kamfanoni da yawa sun ɗauke tire daga bufe don rage ɓarna, suna zaton abin da hannu biyu za su ɗauka ba zai yi yawa ba. Ba su san shi ba.

Yadda yake gina farantinsa abin kallo ne. Shinkafa ce harsashi, yana danna ta da bayan cokali. A kanta yanka biyu na gasasshen naman sa, sannan cinyar kaza a jingine ta kowane gefe don kada gini ya zube. Soyayyen dankali yana cike ramuka. Fiza tana kwance a sama, burodi biyu a ƙarƙashin hammata, cokali da wuƙa a aljihun riga. A bakin faranti, wurin da babban yatsansa ya bari, ya matsa yankan kek, romon nama yana gangarowa yana jiƙa shi a hankali. Haka zai ratsa zauren yana taku ɗaya-ɗaya, idonsa a kan ginin, jirgi yana ɗan tangaɗi. Bufe a saman jirgi yake, kuma a sama aka fi jin kaɗawar ruwa. Rabin abin da ya ɗebo a tebur zai bar shi, ya koma ɗebo jatan lande, tun da shi ne mai tsada.

Yana da ƙane, mai ci biyu. Shi ya je ƙasa zaman farko, ya ci komai daga miya har kayan zaƙi, sannan ya hau sama wai don ya ga abin da suka dafa. Ba a taɓa ganinsa ya sauko hannu rabbana ba.

Sufeto kuwa ba ya ɗaukar faranti sai ya zagaye wurin kaf, hannu a baya, yana leƙa kowace tukunya yana girgiza kai. Idan ya tashi ɗiba, ta wutsiyar layi ba ta yi masa ba. Ta ka yake shigowa, yana fuskantar jama'a, yana cewa abu ɗaya kawai zai ɗauka. Matarsa, ko mijinta, tuni ta kame teburin bakin taga tun biyar da rabi da hula da tabarau da littafi, kowace kujera da abin da aka ɗora mata. Mutum biyu ne, teburin na shida. A nan dai a yi musu adalci: zauren ƙasa ba kowa ke samun taga ba, amma a sama gilashi ne kewaye, kuma wanda ya ga jirgi yana barin tashar wani tsibirin Karibiyan da la'asar sakaliya zai gane dalilin kamun wurin.

Akwai waɗanda babu abin zargi a kansu. Jirgin da ya ce zai kai mutane birnin Rum, a Civitavecchia yake tsayawa, kimanin kilomita 80 daga birnin. Masu yawon sun fita tun sassafe, sun taka dutse yini guda, sun dawo ƙafa a kumbure, zaman farko ya riga ya wuce. Ba su da ƙarfin wanka balle hira da weta. Suna ci shiru, wani ma ido a lumshe. Haka iyayen ƙananan yara. Yaro ɗan shekara uku ba zai zauna awa biyu yana jiran abinci kashi-kashi ba, don haka uwa ke yanka kaza da hannu ɗaya tana tare kofi da ɗayan, uba yana sintiri tsakanin tebur da injin askirim. Yayyen kuma, 'yan sha uku zuwa sha biyar, sun kafa gwamnatinsu a wani tebur mai nisa, abincinsu fiza da dankali da askirim, yau da gobe da jibi.

A bakin ƙofa ake ganin mutum biyu da ba za su taɓa shiri ba. Ta farko ta karanta komai game da norobairos, ƙwayar cutar amai da gudawa da ta yi ƙaurin suna a jiragen ruwa. Ta san hukumar CDC ta Amurka tana binciken tsaftar jiragen tun 1975, sau biyu a shekara ba tare da sanarwa ba, kuma jirgin da ya sami ƙasa da maki 86 cikin 100 ya faɗi. Ta duba makin wannan jirgin kafin ta sayi tikiti. Ta san man goge hannu bai cika kashe wannan ƙwayar ba, sai ruwa da sabulu, shi ya sa sababbin jirage suka jera famfuna a mashigar bufe. Tana wanke hannu har gwiwa, tana kama cokalin ɗiba da takardar goge baki. Mafi daɗin zamani a wurinta shi ne 2021, lokacin da jirage suka dawo aiki bayan korona, ma'aikata ke zuba wa kowa. Na biyun kuwa yakan wuce ma'aikacin da aka ajiye a ƙofa yana waƙa yana roƙon a wanke hannu kamar bai gan shi ba. Shi ne mai tura hannu cikin kwandon burodi, ya latsa uku, ya zaɓi na huɗu. Shi ne mai dawowa da farantin da ya ci a ciki, alhali doka ta ce sabon faranti kowane zuwa. Idan ta hange shi a gabanta, ta fasa burodi a daren.

Fasinja Musulmi kuwa aikin bincike ne ya kawo shi sama. A ƙasa sai ya dogara da abin da aka rubuta a takarda. A nan yana ganin abin da idonsa, ga mai dafawa a tsaye. Matsalar ita ce naman alade yana ɓuya a inda ba a zato: a cikin wake, a kan salak, a miyar dankali, wani romon kuma da giya aka haɗa shi. Sai a ga Alhaji ya sunkuya yana karanta ɗan katin da ke gaban kowace tukunya, ya ɗago ya tambayi ma'aikaci, ya sake tambayar na kusa da shi don tabbatarwa. Hajiya tana gefe da faranti fayau.

"Alhaji, don Allah a bar naman nan haka. Mu je wajen Indiyawan can."

Can ɗin kuwa ita ce matattara. Yawancin ma'aikatan waɗannan jirage daga Filifin da Indonesiya da Indiya suke, masu dafa abinci da yawa Indiyawa ne, kuma ɓangaren abincinsu a bufe yakan fi sauran ɗanɗano, don abin da suka tashi da shi ne. Shinkafa, miyar wake, kayan lambu da kori, kifi, ga yaji mai kama harshe. Idan aka yi dace mai zubawar Musulmi ne daga Indonesiya, da ido kawai zai nuna wa Alhaji tukunyar da zai tsallake. Wanda ba ya son wannan wahala gaba ɗaya, a Disambar 2024 jirgin Aroya na Saudiyya ya fara tashi daga Jidda yana zaga Bahar Maliya, babu alade babu giya.

Duk wannan wasa akwai masu kallonsa dare bakwai a mako, watanni shida zuwa tara kafin su ga gida: masu kwashe faranti. Sun san mai gini, sun san mai ci biyu, sun san teburin da za a bari da askirim a narke. Tukuicin da ake cirewa kowace rana a asusun fasinja, wajen dala 16 zuwa 20 a manyan kamfanonin Amurka, har da su a rabonsa. Wannan ya kawo mu ga mutum na ƙarshe, wanda ba a bufe ake kama shi ba. A daren ƙarshe yake zuwa teburin karɓar baƙi ya ce a cire masa tukuici, hujjarsa ita ce bai taɓa cin abinci a ƙasa ba, babu wetan da ya yi masa hidima. Farantai goma sha wani abu da ya bari kowane dare, a ganinsa, da ƙafarsu suka koma kicin. Cikin duk mutanen bufe, shi kaɗai ne ba ya ba da dariya.

Abin da aka bari a faranti ba ya komawa tukunya. Abincin da ya daɗe a tukwanen bufe ma akwai ƙa'idar awa huɗu, daga nan sai zubarwa. Wasu jirage suna da injinan da ke narkar da ragowar. Wanda za a zuba a teku kuma, yarjejeniyar MARPOL ta ce a niƙe shi, jirgi ya yi nisan aƙalla mil 3 na teku daga gaɓa, a yankuna irin Bahar Rum da Karibiyan mil 12. Ginin gogan namu, rabinsa kifi ne ke cinye shi.

Mai niyyar gwada cin dare a sama ya riƙe abu ɗaya: bufe ba ya kwana a buɗe. A yawancin jirage wajen ƙarfe tara ake fara janye tukwane, kuma ma'aikatan ba sa jiran kowa. Wanda ya tsaya kallon wasa ya iso tara da rabi, sai dai ya bi 'yan sha huɗun nan layin fiza.