Saura Mutum Ɗaya

Da ɗaurin auren abokina ya taso a Lafia, sai na zauna a Abuja ina lissafi irin na manya. Akwai filin jirgin sama a Kwandare, wanda Buhari ya buɗe a 2022, amma an ce don kaya aka gina shi, ni kuwa ba buhun riɗi ba ne. Layin dogon Fatakwal zuwa Maiduguri ya ratsa garin, sai dai awaki ke kiwo a kansa. Saura mota.

Da sassafe, a wata tasha a Nyanya, ɗan kamasho ya fizge jakata yana cewa, "Alhaji, taho, saura mutum ɗaya!" Na leƙa motar, wata Sharon, na gan ta maƙil. Ina biyan kuɗin kujerar gaba, sai wani ya sauka zai kama ruwa, wani ya tafi sayen kati, wani ko sallama bai yi ba. Ashe 'yan tasha ne aka dasa don jan fasinja. Ni ne na farko.

Sai azahar muka cika. Kujerar da na saya kuwa, ashe ta mutum biyu ce. Aka haɗa ni da wani ƙaton dillalin doya, ya tura ni har kan giya. Duk canjin da direba zai yi sai ya ce, "Malam, ɗaga ƙafa." A cunkoson Mararaba wani mai rake ya wuce mu da ƙafa, ya sayar da kayansa, ya dawo ya yi mana sannu.

Muka wuce Keffi, muka wuce Akwanga. Da muka doshi gangaren Many Have Gone, kafin Nasarawa Eggon, hira ta mutu. Wata Hajiya a baya ta kama salati, wata mama ta kama kiran Yesu. Na tambayi direba lafiyar birki.

"Birki yana nan, ranka ya daɗe," in ji shi, "sai dai ba ya son a matsa masa."

Nan take na shiga sahun Hajiya.

Gab da magariba mai keke ya sauke ni a ƙofar gidan biki, ina ɗingishi. An shafa fatiha tun hantsi, goro ya ƙare, yara na kwashe kujeru. Ango ya rungume ni ya ce, "Madalla, ka zo a kan gaɓa. Kama wancan bencin."